Yini guda a kan Kogin Nilu: Iyali ma suna da haƙƙi a lokacinmu

Da a ce shekara biyu da suka wuce wani ya ce mini magidanci mai hankali zai zare kuɗinsa ya biya don kawai ya zauna cikin jirgin ruwa yana kallon gaɓar kogi, da na ce masa wannan aikin waɗanda kuɗi ya yi wa yawa ne. To amma gani ya kori ji. A bara duba lafiyar uwargida ya kai mu Alƙahira tare da yara biyu. Da likita ya sallame mu, sai babban ɗanmu da ke karatu a can ya matsa lallai mu shiga ɗaya daga cikin jiragen shaƙatawa da ke zirga-zirga tsakanin Luksor da Aswan, tafiyar fiye da kilomita 200 wadda akan yi cikin kwana uku ko huɗu. Na amince ne ba don raina ya so ba.

Irin wannan jirgi otal ne da ke tafiya a kan ruwa: akwai ɗakunan kwana, da ɗakin cin abinci, da rufin sama inda aka jera kujeru. Tun a 1869 Baturen nan na Ingila, Thomas Cook, ya fara kai 'yan yawon buɗe ido wannan kogi cikin jiragen ruwa, kuma har yau sana'ar na ciyar da ɗimbin Misirawa.

Bari in takaita a kan yini guda. Da gari ya waye muka hau rufin jirgi. Dama da hagu gonakin rake ne da ayaba da itatuwan dabino, amma da ka ɗaga ido kaɗan sai ka ga inda kore ya yanke, hamada ta ɗauka. Muka karya da wake da gurasa, aka kawo mana karkade, wanda ba wani abu ba ne illa zoɓonmu na gida. A garin Esna jirgin ya shiga wata mashiga, aka rufe ƙofa a bayansa, aka cika ta da ruwa har ya ɗaga sama kafin a buɗe masa gaba. Muna jiran layi 'yan kasuwa suka kewaye mu cikin kwale-kwale, suna jefo jallabiya a leda har saman jirgi, ana ciniki da ihu. Rabon da in ga uwargida tana dariya irin ta ranar har na manta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bayan la'asar. Na bar wayata a ɗaki, babu baƙo, babu majalisa, babu inda zan ce zan je in dawo. Ina zaune 'yata mai shekara 16 ta jawo kujera ta ce, "Baba, akwai maganar da na daɗe ina so mu yi." Ashe zango biyu ke nan tana faɗuwa a darussan kimiyya, kuma zuciyarta ba ta kan likitancin da na zaɓa mata. Mahaifiyarta ta sani, yayanta da ke wata ƙasa ya sani, ni da muke kwana gida ɗaya ne ban sani ba. Da na tambaye ta dalilin ɓoye mini, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ai ba ka zama."

Wannan amsa ba ni kaɗai ta shafa ba. Mu nawa ne ke fita yara na barci, mu dawo mu zarce majalisa, mu shigo sun sake yin barci? Mun ɗauka idan an ajiye kuɗin cefane an biya kuɗin makaranta, shi ke nan an sauke nauyi. Alhali yaron da bai sami kunnen ubansa ba zai nemi wani kunnen a waje, kuma ba mu ne za mu zaɓa masa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ta yaya za ka tanƙwara iccen da ba ka tsayawa kusa da shi?

Na san mai karatu zai ce, a wannan hali na tsadar rayuwa, wa ke ta jirgin shaƙatawa? Gaskiya ne, kuma ba na kira ga kowa ya ci bashi don ya je Masar. Ni ma lalura ce ta kai ni. Hasali ma abin da jirgin ya sayar mini ba abinci ba ne, ba kuma kallon tsoffin gine-ginen Edfu da Kom Ombo ba ne. Ya dai tsare ni ne wuri guda tare da iyalina. Abin kunya shi ne sai da na biya kuɗi aka tilasta mini yin abin da yake kyauta a gidana.

Mai hali ya ɗebi iyalinsa ya kai su Yankari ko bakin madatsar ruwa ta Tiga. Wanda ba shi da hali ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ranar da ba ya aiki, ya kashe waya, ya ce wa mai sallama ya dawo gobe. Ni dai tun da muka dawo na ware yammacin kowace Asabar, kuma 'yar tawa ta koma ajin da take so. Da ban zauna ba a ranar, da har yanzu ina nan ina shirya wa likitar da babu ita.