Raddi ga masu cewa jarrabawa ce kurum

Ya ku malamai da almajirai, akwai masu cewa jahilci ya hana baƙar fatar Amurka ƙuri'a. Ni na ce ƙarya ce. A Misisifi, tun 1890, mai neman ƙuri'a sai ya karanta dokar jiha ko ya fassara ta, mai jarrabawa kuwa farar fata. Ya kayar da baƙar fata malami, ya wuce da ɗan'uwansa wanda ko bihim bai sani ba. Kuɗin makarantunsu ma an tauye. Wa ke ƙwace allo ya ce a kawo hadda? Har 1964 ba su kai bakwai cikin ɗari a littafin ƙuri'a ba. Sai da jini ya zuba a gadar Salma, 1965, kana Shugaba Janson ya sa hannu aka dakatar da jarrabawar.