Fita kallon tsuntsaye karatu ne

Wasu iyaye, in sun ga malami ya nufi daji da yara, sai su ce: «Yau ba karatu, yawo ake yi.» Ba haka ba ne. Kallon tsuntsaye karatu ne, ko da yake ba allo, ba benci.

Yaron ƙauye ya san tsuntsaye, amma sau da yawa da danƙo ya san su. Wanda ya harbe kurciya, loma guda ya samu. Wanda ya zauna shiru ya dube ta, ya samu sanin da zai amfane shi har tsufa.

Da sassafe ake fita. Kowa ya riƙe takarda da alƙalami. Ba gudu, ba surutu, ba taɓa sheƙa. A ba rana baya, don launin tsuntsu ya fito sosai. A dubi bakinsa da ƙafafunsa, a ga abin da yake ci. Ƴan Maraɗi suna da tabkin Madarumfa, ƴan Damagaram suna da Gidimuni, ƴan Tawa suna da Tabalak. Wanda ba shi da tabki kusa, gindin gawo ya ishe shi.

Mi yaro zai koya? Zai rarrabe abokin manomi da maƙiyinsa. Jan baki yana sauka garke-garke cikin gero da dawa, ya yi ɓarna. Balbela kuwa tana bin shanu, tana cinye farin da suka tayar. Shamuwa ma fari take ci. Tana isowa wajen watan Afrilu ko Mayu, ta shaida damina ta kusa. Bayan kaka sai ta yi kudu, har kudancin Afirka. Yaron da ya rubuta ranar zuwanta kowace shekara ya fara aikin masana.

Ga kuma angulu, mai share mushe, wadda ake rainawa. Dā ta cika mahauta. Yanzu ta ragu ƙwarai, saboda guba da masu sayar da sassan jikinta. A shekarar 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. In ta ƙare, wa zai kwashe mushe?

Mutum ba ya tsaron abin da bai sani ba. Saboda haka ya kamata kowane aji ya fita, ko sau ɗaya a wata. Gani ya kori ji.