Bikin Titi Na Salbado: Darasi Ga Boɗinga Da Shagari

Kowace shekara, a watan Fabrairu ko Maris, gab da azumin Kirista, mutanen Salbado, babban birnin jihar Bahiya da ke gaɓar teku a ƙasar Brazil, sukan kwashe kusan mako guda suna bikin titi. Makaɗa bisa manyan motoci, jama'a na biye, baƙi kuma na tururuwa daga ƙasashen duniya.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwanmu? Da ruwanmu ƙwarai. Bayan fara jihadi a 1804, an kai wasu kamammun yaƙi daga ƙasar Hausa Bahiya aka sayar. Hausawa ne suka shirya bore a can a 1807, 1809 da 1814. A watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban yunƙurin da ake kira boren Male. A 1979 aka kafa wata ƙungiyar bikin mai suna Malê Debalê domin tunawa da su. Watau dai kiɗan nan yana ɗauke da tarihi.

Mu fa? A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. Garin Shagari ya ba Nijeriya shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Amma ɗalibai nawa ne za su iya ba da labarin Sifawa? Kokawa da kalankuwa da sharon Fulani sai ja da baya suke yi, 'ya'yan makaɗa kuma suna barin gado saboda sana'ar ba ta ciyar da su.

Ba muna cewa a kwaikwayi shaye-shaye da tsiraicin bikin Brazil ba ne. Addininmu da tarbiyyarmu ba su yarda ba. Abin koyi shi ne tsari. Lalle ne majalisun ƙananan hukumomin biyu su haɗa kai da hakimai da malamai, su tsai da rana bayan kaka, su ware kuɗi, su tanadi tsaro, a kuma ɗauki muryoyin tsofaffin makaɗa tun suna raye. Hawan Sallar Kano ya sami shiga kundin UNESCO a 2024 ne domin an riƙe shi.

Idan jikokin bayi sun iya riƙe sunan kakanninsu a bayan teku, mu da muke gida ba mu da hanzari.