Wa Ya Ce Ba Ruwanmu Da Latin?

Ya 'yan'uwa matasa, masu cewa nazarin tsofaffin rubuce-rubucen Latin aikin 'yan coci ne, ba ruwan Musulmi, sun tafka kuskure.

Littafin Al-Khawarizmi kan lissafin Indiyawa, asalinsa na Larabci ya ɓace. Fassarar Latin ta ƙarni na 12 ce ta tsira, kwafinta na Jami'ar Kambirij a Ingila. Haka babban sharhin Ibn Rushd kan littafin Aristotal game da rai, cikakkensa ta hanyar Latin ya iso mana.

To, wa ke karanta su? Wasu! Mu kuwa sai tutiya da magabata, alhali ko layi guda ba ma iya warwarewa. Wanda bai iya karanta takardar gadonsa ba, abin da aka gaya masa zai karɓa.

Mu tashi mu koyi harshen. Allah Ya sa mu dace.