Lefe da kayan ɗaki: aure ya zama kasuwa

Duk sa'ad da aka tayar da zancen tsadar aure, sai a ɗora wa sadaki laifi. Wannan kuwa barin jaki ne a doki taiki. Sadaki haƙƙin mace ne da addini ya wajabta, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Abin da ke karya gidaje shi ne tarkacen da muka rataya masa: kuɗin gaisuwa, lefe, anko, gara da kayan ɗaki.

Mu dubi ɓangaren ango. Saurayi a Maraɗi ko Damagaram sai ya shekara da shekaru yana tara kuɗin akwatunan da za a buɗe gaban ƴan kallo, a ƙirga atamfa da takalma, a yanke masa daraja. Wanda bai da hali sai ya tafi biɗa Libiya ko Aljeriya, ko kuwa ya zauna a fada yana shan shayi har furfura ta fito masa.

Ɓangaren amarya ya fi ban tausayi, ga shi ba a cika faɗarsa ba. Uwa ta sayar da akuyarta, ta ci adashi, ta ci bashi, wani lokaci uba ya jinginar da gona, duk don a jera gado da kabad da kujeru. In kayan suka kasa, yarinya ce za ta sha gori a gidan miji, daga bakin uwar miji zuwa na kishiya.

Mai son ganin inda wannan hanya ke ɓullewa ya dubi Indiya, inda iyayen mace ke biyan dukiya ga dangin ango. Ƙasar ta haramta al'adar da doka tun 1961, ta ƙara tsananta hukunci a 1983 da 1986. Duk da haka, alƙaluman hukuma sun nuna mata fiye da 6,000 sun rasa rayukansu a 2022 kan wannan dukiya. Ba mu kai can ba, amma tushen guda ne: auna ɗiya da kayan da ta zo da su.

Mu ma mun gwada doka. Gwamnatin Seyni Kunce, wadda ta yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta ƙayyade sadakin budurwa kada ya wuce jika 50. Me ya biyo baya? Aka riƙa ambatar jika 50 a wurin ɗaurin aure, sauran kuɗi ya bi ta ƙofar baya da sabon suna. Doka ba ta iya shiga inda kunyar idon jama'a ke mulki.

Masu kare al'adar na cewa kayan ɗaki dukiyar mace ce, madogararta ranar wuya. Akwai gaskiya a ciki. To amma wace dukiya ce ke lalacewa cikin ƴan shekaru, ta bar uwa da bashi? In dukiya ake so wa ɗiya, a ba ta tunkiya, ko keken ɗinki, ko a bar ta ta ƙare karatunta.

Saboda haka gyara na hannunmu. Malaman makaranta su kawo zancen cikin aji da taron iyaye. Ƙungiyoyin al'adu su ɗora shi kan dandalin wasan kwaikwayo. Liman da mai unguwa su tsai da magana guda, su fara da auren ƴaƴansu. Masu hali kuwa su ne kan gaba, domin talaka ba zai rage ba sai ya ga attajiri ya rage bai ji kunya ba.