Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Jama'a, ni ba mai son jayayya ba ne, amma akwai maganar da in mutum ya haɗiye ta sai ta tsaya masa a maƙogwaro. Kwanan baya, wajen baje kolin ayyukan 'yan ajin ƙarshe, wasu abokaina biyu suka kawo aiki guda. Na farko ya zana ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau sashen nan da ke bin umarni yana yin lissafi, bisa tsarin RISC-V wanda kowa ke da izinin amfani da shi ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba. Na biyu kuwa ya shafe watanni yana koya wa manhajar GCC yadda za ta yi magana da wannan ƙwaƙwalwa. Aka yi ta tafa wa na farko. Da aka zo kan na biyu, sai wani babba ya dube shi ya ce, "To, kai me ka ƙera?" Wannan tambaya ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Bari in yi wa 'yan'uwana na sashen harsuna bayani, don kada a ce na yi musu ɗan waken zagaye. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta jin komai sai lambobi. Mai rubuta manhaja kuma da harsuna irin su C yake rubutu. Tilas ke nan a sami tafinta a tsakani, wanda zai juya maganar mutum zuwa umarnin na'ura. GCC, wadda Richard Stallman ya fitar a 1987, da LLVM, wadda aka soma a Jami'ar Illinois a 2000, su ne manyan tafintocin da kowa ke iya buɗe cikinsu ya gyara. Ƙwaƙwalwar da ba ta da tafinta kamar sarki ne da ya sauka ƙasar da ba a jin yarensa: ga rawani, ga sanda, amma ko ruwan sha ba zai iya aika a kawo masa ba.

To, mene ne aikin da aka raina? Sai an zayyana wa tafinta kowane umarni da na'urar ta sani. Sai an gaya masa tana da ƙananan ma'ajiyai 32, kuma ta farkonsu sifili take riƙe da shi har abada. Sai an bi yarjejeniyar cewa takwas daga cikinsu ne ake miƙa saƙo da su in wani sashen manhaja ya kira wani. A tsarin RISC-V, umarnin ninka lamba ba dole ba ne, ƙari ne. In ƙwaƙwalwarka ba ta da shi, alhali tafinta yana zaton tana da shi, to nan take za ta cije. Daɗin daɗawa, akwai dubban gwaje-gwaje da za a bi ɗaya bayan ɗaya, domin tafintan da ke yin kuskure sau ɗaya cikin dubu ya fi wanda babu shi haɗari.

Na san abin da za a ce mini: ai RISC-V tana da tafinta tuni, kowace sabuwar ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka kawai. Rabin gaskiya ke nan. Lalle manhaja za ta yi aiki, amma tafiyar hawainiya za ta yi in tafinta bai san tsawon lokacin da kowane umarni ke ci a wannan ƙwaƙwalwa ba, balle ya jera su yadda ba za a yi zaman jira ba. Sa'an nan abokin nan nawa na farko ya ƙara wani umarni nasa na kansa, wanda shi ne abin alfaharinsa. Da ba don na biyu ba, har gobe tafinta ba zai furta shi ba.

In kuwa ana son shaida, tarihi na nan. An soma RISC-V a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, amma sai a 2017 aka karɓe ta cikin asalin rumbun GCC. Linux ya biyo baya a 2018, LLVM kuma ta ɗauke ta sosai a 2019. Ga yayarta OpenRISC, wadda ta girme ta da wajen shekara goma: ta shiga Linux tun 2011, amma ba ta shiga GCC ba sai 2019, bayan an sake rubuta sashenta daga tushe saboda rikicin haƙƙin mallakar tsohon rubutun. Ko masu kuɗi ba su tsira ba. Intel ya fitar da Itanium a 2001, ya ɗora wa tafinta nauyin tsara umarnin da za su gudana tare, nauyin ya gagara, kasuwa ta juya mata baya, har aka cire ta daga Linux a 2024. In gemun Intel ya kama wuta, ina ga namu?

Saboda haka roƙona ga malamanmu, Allah ya ƙara musu girma, guda uku ne. Na ɗaya, a ba aikin tafinta makin da ake ba zanen ƙwaƙwalwa, ba ragi. Na biyu, kada a karɓi wata ƙwaƙwalwa a matsayin kammalalliya sai an ga manhajar C ta gudana a kanta. Na uku, a ƙarfafa wa ɗalibi ya aika gyaransa zuwa asalin rumbu, inda masana za su tankaɗe shi su rairaye, maimakon ya mutu cikin kwamfutarsa ranar da ya karɓi digiri.

Mu kuma ɗalibai, mu daina rububin aikin da ake ɗauka hoto kaɗai. Abokin nan nawa na biyu ya ce mini ya yi nadama, da ya sani da zane ya zaɓa. In haka ta ci gaba, baɗi za mu tara ƙwaƙwale goma a kan tebur, ba ko ɗaya da ke jin magana. Wanda na ɓata wa rai ya gafarce ni, filin mujallar nan a buɗe yake ga mai martani. Haza wasalam.