Gwal a Ƙarƙashin Kujerar Direba

Akwai wata ƙarya da muke yi wa juna a cinikin gwal, kuma kowa ya san ƙarya ce. Mai sayarwa tana Kano, mai saye tana Kalgo. An ga hoton sarƙa da 'yan kunne a WhatsApp, an yi ciniki, an tura kuɗi ta waya. Sai mai sayarwa ta ce, "Hajiya kada ki damu, gobe war haka saƙonki na hannunki." A naɗe gwal a leda, a cusa shi tsakiyar turmin atamfa, yaro ya kai tasha, ya ce wa direba kayan mata ne. Direba ya karɓi ɗan abin da ake ba shi na saƙo, ya jefa ƙarƙashin kujera, ya kama hanyar da ta ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, hanyar da ko fasinja ba ya shigarta sai da addu'a a baki. A duk cikin mutanen nan babu wanda ya yi tambaya ɗaya tilo da ta kamata: in bai iso ba, asarar wa ce?

Ba mantuwa ba ce. Da gangan ake tsallake tambayar, domin kowa yana fatan in abin ya faru ɗayan ne zai ji kunya ya haƙura. Wannan dabarar muka yi wa suna mai daɗi, muka ce amana.

Abin bai tsaya ga kwalliya ba. A Gwandu da Kalgo da ƙauyukansu, gwal shi ne bankin mata. Wadda ta sayar da rago, ko ta kwashi adashe, ko aka raba gado aka ba ta nata, ta ga yadda Naira ke narkewa a hannu, sai ta mayar da kuɗin zobe ko warwaro. Kuma ba ta yi wauta ba: a watan Maris na 2025 farashin oza ɗaya na zinare, wato giram 31.1, ya haura Dala 3,000 a kasuwar duniya, zuwa Oktoba ya haura 4,000. Abin da ke ƙarƙashin kujerar nan, kusa da jak da galan ɗin mai, sau da yawa shi ne kuɗin makarantar yara, ko kujerar Makka da aka yi shekaru ana tarawa.

Mu fara da masu cewa amana, tunda su ne suka fi yawa. Ina so su koma zaure su sake buɗe littafin da suka karanta suna yara. A fiƙihun Malikiyya, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu makarantar zaure a ƙasar Gwandu da ba a karanta ta, ta ɗora biya a kan masu sana'a kamar maƙeri da maɗinki idan kayan mutane suka ɓata a hannunsu, amma ta ɗauke shi daga kan mai jirgin ruwa. Malamai sun tafi a kan cewa mai dako ma amintacce ne, in ban da mai dakon abinci. To ka ga, kalmar da muke jingina da ita ba mai kaya take karewa ba, direba take karewa. In ya ce an tare hanya, ko ya ce ya sauka salla ya dawo bai ga ƙunshin ba, ya rantse, magana ta kusa ƙarewa. Kuma yana da hujjar da ta fi wannan: "Wallahi Hajiya ban san mi ke ciki ba, atamfa aka ce min." Gaskiya ya faɗa. Atamfa ya karɓa, tsaron atamfa ya yi, in ma za a tilasta shi biya, kuɗin atamfa zai biya. Ba ka yi wa mutum ƙarya a kan nauyin da ka ɗora masa, sannan ranar da kaya ya faɗi ka kira shi maci amana.

Akwai wadda ta fi wannan nauyi, kuma ita ce masu tallan gwal a waya ba sa son a taɓo. Musayar zinare da kuɗi sharaɗinta hannu da hannu ne, a zama ɗaya. Malikiyya sun fi kowa tsanani a nan, kuma mafi yawan malaman zamani sun ba kuɗin takarda hukuncin zinare da azurfa a wannan babin. Kuɗi ya fita yau, gwal ya iso jibi, wannan jinkirin shi kansa matsala ne tun kafin a kai ga ɓata. Abin mamaki, mutumin da zai tashi daga shago don an ambaci kuɗin ruwa, shi ne zai tura miliyoyi ya zauna jiran mota kwana biyu hankalinsa kwance. A garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi ta rubutu a kan hukunci har ya rasu, bai kamata a ce sai mai rubuta manhajar kwamfuta ne zai tuna wa mutane babin musaya ba.

Sai 'yan boko, masu ɗaga hanci su ce laifin mutanenmu ne da ba sa zuwa gidan waya ko kamfanin aika saƙo. Waɗannan ba su taɓa karanta bayan takardar da suke sa wa hannu ba. DHL ya rubuta ƙarara a sharuɗɗansa cewa ba ya karɓar sandar zinare, kamar yadda ba ya karɓar tsabar kuɗi. Yarjejeniyar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874 kuma Nijeriya take cikinta, ta hana sanya zinare ko azurfa ko duwatsu masu daraja a saƙon da ba a yi wa inshora ba, sai inda dokar ƙasashen biyu ta yarda. Diyyar wasiƙa mai rajista da ta ɓata tsakanin ƙasa da ƙasa kuwa an ƙayyade ta: 30 ne na kuɗin lissafin Asusun Lamuni na Duniya, wajen Dala 40. A farashin Oktoban 2025, wannan bai sayi rabin giram ba. Rubu'in dinari, mafi ƙarancin sadaki a wurinmu, ya ɗan haura giram ɗaya. Wato sarƙar giram 50 ta ɓace, a ba ka abin da bai kai rabin sadakin talaka ba, kuma ba a zalunce ka ba, abin da ka sa wa hannu ke nan.

Ba wai gidan waya ba ya iya ɗaukar dukiya ba. A watan Nuwamba na 1958, wani attajirin mai sayar da kayan ado a Amurka, Harry Winston, ya aika da shahararren lu'ulu'un nan mai suna Hope daga birnin New York zuwa gidan tarihi na Smithsonian a Washington ta gidan waya, a cikin ƙunshin takarda kamar kowane ƙunshi. Ya biya Dala 145 da santi 29. Kuɗin ɗaukar kayan a ciki Dala 2 ne da santi 44 kacal. Duk sauran kuɗin inshorar Dala miliyan ɗaya ne. A tsaya a dubi rabon nan da kyau. Ɗaukar kaya ba shi da tsada, ɗaukar asara ne mai tsada. Mu kuwa muna biyan na farkon, muna sa ran za a ba mu na biyun kyauta.

Labarin yana kuma ba da amsa ga hujja mafi ƙarfi da masu ɓoyewa ke da ita, kuma ban raina ta ba. Sukan ce in ka faɗa wa direba gwal ne, ka faɗa wa ɗan kamasho, ka faɗa wa duk tasha, kuma a wannan zamanin maganar tasha tana riga mota isa daji. Haka ne. Amma sirri iri biyu ne. Akwai ɓoye wa ɓarawo, akwai ɓoye wa wanda zai biya. Winston ya yi na farkon, bai yi na biyun ba: ƙunshin bai nuna komai ba, amma wanda ya ɗauki nauyin asara ya san darajar abin da ya ɗauka, ya karɓi ladansa. Mu na biyun muke yi, muna tsammanin mun yi na farkon.

Abokan sana'ata ma ba zan ƙyale su ba. Kowane wata sai wani matashi ya zo da manhajar aika saƙo, da taswira mai motsi, da lambar bibiya, yana cewa ya warware matsalar Arewa. Lambar bibiya ba ta biyan kowa. Iyakarta ta gaya maka inda aka ga kayanka na ƙarshe, wato ta nuna maka bakin rijiyar da guga ya faɗa. Mu da muka karanta kwamfuta ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Intanet ba a gina ta a kan alƙawarin cewa saƙo zai isa ba. Ƙunshin bayanai suna ɓata a hanya kullum, a kowane daƙiƙa. Abin da ya sa ba ka lura shi ne, na'urar da ta aika tana riƙe da kwafi, in ba ta ji amsar "ya iso" ba sai ta sake aikawa, kuma kwafi kyauta ne. Gwal ba shi da kwafi. Abin da ke tsayawa a matsayin kwafinsa shi ne kuɗin da wani ya ware ya ce, in ya ɓata ni zan biya. Duk manhajar da babu wannan asusun a bayanta fenti ne aka shafa wa tsohuwar tasha, har gara tashar, don can akwai shugaban 'yan yuniyon da za ka iya kai wa ƙara ido da ido.

Da an ce inshora kuma sai a ce haramun ce, a kakkaɓe riga a tashi. Rabin fatawar aka ɗauka. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci, amma a wannan hukuncin ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Sudan ta fara irin wannan kamfanin tun 1979. A nan gida hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi. Kamfanonin su ma da nasu laifin: mace mai giram 20 a Kambaza ba ta cikin lissafinsu, hankalinsu yana kan motocin ma'aikatu da manyan gine-gine. Amma gazawarsu ba ta hana 'yan gwal na gari ɗaya su kafa asusunsu ba. Mutanen da suka iya riƙe adashe shekara da shekaru ba tare da takarda ba, ba za su kasa cire wani ɗan kaso daga kowane saƙo su tara don ranar asara ba.

Kakanninmu ba su yi wannan sakacin ba, shi ne abin da ya fi ba ni haushi. A ƙarni na 19 Jega babbar mahaɗa ce ta fatake masu zuwa Gwanja sayo goro. Ayari yana da madugu, shi ke yin magana da sarakunan hanya, shi ke biyan fito da kuɗin wucewa daga abin da kowa ya zuba. A zango akwai fatoma, mai masauki, wanda ke tsaya wa baƙo: in mai saye ya gudu da bashi, mutuncin fatoma da aljihunsa ne a kan layi. Waɗannan mutanen sun fi mu tawakkali, amma kafin jaki ya ɗaga ƙafa sun san wanda zai ɗauki asara, kuma sun biya shi. Mun gaji kalmar amana daga wurinsu, mun yar da tsarin da ke riƙe ta.

Gyaran ba ya buƙatar wata sabuwar fasaha. Mai saye ta naɗa wakili a Kano wanda zai yi cinikin da kansa, a auna a gabansa, a gwada karat, ya karɓa a lokacin da kuɗi ke shiga. Sharaɗin hannu da hannu ya cika, kuma daga wannan lokacin kowa ya san gwal na mai saye ne, haɗarin hanya ma nata ne, sai ta zaɓi wanda za ta biya ya ɗauke mata. In mai sayarwa ce ke son kawowa, to ta kawo a matsayin kayanta, a biya ranar da ya iso. A rubuta nauyi da karat da sunan mai ɗaukar asara, ko da a saƙon waya ne, da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu in ka ce a rubuta sai a ce ba ka yarda da mutane ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Akwai rukuni ɗaya da ko wannan ba zai cece su ba, su ne masu aika ɗanyen zinare. A watan Yuli na 2020 an kai wa Shugaba Buhari sandar zinare mai kilo 12.5 a ƙarƙashin shirin gwamnati na sayen zinaren ƙananan masu haƙa, wanda Kebbi tana cikin jihohin da aka fara da su, Babban Banki ya saye ta a kan Naira miliyan 268. An ɗauki hotuna, an tafa. Amma garin zinaren da ke fitowa daga ramukan yankin Yawuri yana nan yana tafiya a ƙulle a leda, a aljihun ɗan'uwa ko cikin buhun shinkafa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sayen ma'adini da riƙe shi sai da lasisi. Wanda ba shi da lasisi, in ƙullinsa ya ɓata tsakanin Yawuri da Jega, ba ya iya zuwa wurin 'yan sanda, babu kamfanin takaful da zai saurare shi, ko a tasha ba ya iya ɗaga murya ya faɗi abin da ke cikin buhun. Wanda ya ɗauke kuma ya san da haka tun kafin ya miƙa hannu.